Haruffa Biyu a Ƙarshen Layi

Alhamis

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririyar da har yau ba ku ga damar aiko mana hotonta ba. Mu nan da sauƙi, kamar yadda aka saba cewa. Ni gwiwa ce kawai take yi mini tsiya in zan hau bene. Kawunka kuwa jiya ya gama zagaye na biyu na ruwan maganin da suke ce wa kemo. Gashin kansa ya zube, har da gashin baki, wanda shekara talatin da ɗaya ina roƙon a aske aka ƙi. Yana amai da safe, yana cin abinci da rana, da yamma yana tsokanata. Tarin ya ragu, wannan kam ba zan ɓoye ba. Zagaye na uku sai ran Litinin, nan da mako biyu da 'yan kwanaki.

Kada ka tambaye ni me ya hana in kira ka a waya. Shekara ashirin da shida na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a, na san abin da baki yake yi wa magana. Abin da aka faɗa a waya ba shi da gefen da mutum zai sa jan biro. Kai ma a rubuce nake son amsa.

Na san zumuncinmu sai an zana shi a takarda kafin baƙo ya gane: kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma Gwaggo kake ce mini tun kana rarrafe, kuma a dangin nan kaf kai kaɗai ne ka ƙare ƙuruciyarka kana leƙen wannan ciwo. Don haka kai zan tambaya.

Ran Litinin wata nas ta kawo mana takarda, wai asibitin nan yana cikin masu aika jinin marasa lafiya zuwa wani bincike. Na duba kan takardar, sai ga sunan ɗakin gwaje-gwajenku. Kawunka ya sa hannu tun kafin in gama shafi na farko, suka ɗebi kwalba guda. Ni na karanta ta har ƙarshe, shafi tara, na tsinci kurakurai goma sha ɗaya, na zagaye su, na mayar wa nas ɗin. Ta yi mini kallon da ake yi wa wanda ya shigo ɗakin da ba nasa ba.

Abin da na fahimta shi ne kuna auna wani abu a jini mai suna maikuro-RNA, don ku ga ko zai nuna wa zai daɗe, wa ba zai daɗe ba, cikin masu kansar huhu irin tasa, wadda suke ce wa mai ƙananan ƙwayoyi. Na karanta littattafai biyu a kanta. Na san tana da gudu, na san tana jin magani da farko, na san tana dawowa. Ba sai ka tambaye ni taba ba, ka san shi: injin ɗab'i a gabansa, kara a gefen baki, shekara talatin.

Abin da ban sani ba shi ne nawa ya rage. Na tambayi likitarsa, wata siririya mai saurin magana. Ta ce ya danganta. Na ce da me? Ta ce da abubuwa da dama. Na ce mata ni ma in na rasa abin faɗa haka nake yi, amma ni ba a ba ni farar riga ba.

Ka bayyana mini wannan abu da Hausar da zan gane. Sa'an nan in jininsa ya iso gabanka, ka duba, ka gaya mini abin da ka gani. Ni ba yarinya ba ce, na binne uwa da uba da ɗa. Ina son in san ko in sa a gyara masa ɗakin ƙasa, ko in bar shi ya ci gaba da hawa bene yana haki yana cewa motsa jiki ne.

Yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko har yanzu ɓeraye kake yi wa allura, ko an ƙara maka girma.

Gwaggonka


Juma'a

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, don na san in na zauna sai na ji kamar kina bayana da jan biro. Muna lafiya. Jaririya ta fara kifewa, hoto yana nan tafe. Na ji daɗin jin tarin Kawu ya ragu. Ki ce masa an ƙara mini girma, yanzu firiji nake gadi.

Ga bayanin, iya yadda zan iya. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai umarni a rubuce, kamar kwafin da ake kai wa mai inji. Maikuro-RNA wasu 'yan guntayen zare ne da suke bin umarnin nan suna cewa, wannan layi kada a buga shi da yawa, wancan a dakata da shi. Kusan aikinki suke yi, Gwaggo, sai dai su ba sa faɗa. Idan kansa ta shiga, lissafinsu yakan rikice, wasu su yi yawa, wasu su ragu, kuma kaɗan daga ciki suna zubowa cikin jini, inda za mu iya auna su.

Akwai ɗaruruwansu. Mu guda ɗaya muke bi. A mutanen da muka auna zuwa yanzu, in ya yi yawa a jini ba ma jin daɗi. Amma wannan magana ce ta taro, mutum ɗari biyu da wani abu in an haɗa su, an raba biyu, an kwatanta. Ba mu kai inda za mu nuna mutum ɗaya mu ce ga kwanansa ba, kuma ban san ko za mu kai ba. Babu likitan da yake yanke shawara da wannan awo. Shi ya sa ake ce masa bincike.

Kuma ko da na so, ba a ba ni dama ba. Kwalaben suna zuwa mana da lamba, babu suna. Ƙa'ida ce, kuma tana da dalili. Likitarsa ba rowa take yi miki ba, ita ma ba ta sani ba ne. Abin da na sani tabbas shi ne kada ya tsallake zagaye ko ɗaya. Irin wannan ciwo ba ya son a ba shi hutu.

Gobe da sassafe zan tafi wasu asibitoci na nesa karɓo samfur da koya wa ma'aikatansu yadda ake adana shi. Zan yi mako huɗu ko biyar. Ki gaishe da Kawu da kyau.

Ɗanki,
Dogo

Takarda ta ƙare, ga ƙari a gefe:
Kwalba ɗaya ce tak ta zo daga asibitinku
ran Litinin ɗin, mai shekarunsa. Bai kamata
in duba ba, amma na duba. Na ga na
Kawu ya yi ƙasa sosai. Ki riƙe wannan
a ranki tukuna. Sauran sai na dawo.


Talata

Dogo,

Sallama, don an koya mini in fara da ita. Ina fata kana lafiya a inda kake yawon karɓar kwalabe. Ni lafiyata lau, abin haushin ke nan. Kawunka kuwa jiya ce ranar zagaye na uku, kuma bai je ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi, ka ji aikin hannunka.

Takardarka ta iso ran Alhamis bayan la'asar. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, matashi a bayansa, yana ɓare lemo. Ka san yadda muke karanta wasiƙa a gidan nan, ko ka manta. Yadda muka yi aiki a maɗaba'a haka muke yi: ni in karanta a bayyane, har da waƙafi da aya, shi yana saurare. Ya yi dariya wurin firiji. Ya yi dariya wurin da ka ce 'yan zarenka ba sa faɗa, har ya ce, “Jan Biro, yaron nan ya san ki.” Sai na juya takardar na shiga rubutunka na gefe, wanda ka cusa kamar mai ɓoye kayan sata. Bakin mai karatun gyara ba ya jiran kansa, Dogo. Yana gaba, hankali yana biye. Kafin in san me nake faɗa, na riga na faɗa: “Na ga Kawu ya yi ƙasa sosai, aya.”

Ya ajiye lemon a kan taga. Ya ce, “Aya kika ce?”

Na ce, “Malam, yaron nan shirme yake yi, bari in…”

Ya ce, “A'a. In ke kika karanta, an karanta. To, aya.”

Na ninke takardar na cusa ta cikin babban ƙamus, tsakanin shafukan da ba na buɗewa, don in na sake ganinta zan yaga.

Yanzu ka amsa mini. Shafi guda ka cika kana rantsuwa ba ka san kwanan kowa ba, ƙa'ida ta hana, likita ma ba ta sani ba. Sa'an nan a gefe, da layi biyar, ka yanke wa mutum hukunci ka ɗauki jakarka. “Ki riƙe a ranki.” Raina aljihu ne? Wane irin ilimi ne yake koya wa mutum auna abin da ido ba ya gani, amma bai koya masa cewa takarda tana shiga gida, kuma a gida akwai kunnuwa ba? Na ce ka gaya mini gaskiya, ban musa ba. Amma gaskiya ana kawo ta da ƙafafunta, a ce ga abin da aka gani, ga abin da yake nufi, ga abin da za a yi. Ba a jefo ta ta kan katanga.

Jiya na shirya jaka, na sa bargonsa da ruwan zafi, na kira mai tasi. Ya fito har tsakar gida da silifas, ya ce wa mai tasin ya yi haƙuri ya tafi. Na ce me ke nan? Ya ce, “Likita ba ta sani ba, ke ba ki sani ba, yaron da ya leƙa jinina ya sani. In saura kaɗan ne, ba zan ƙarar da shi da kaina a cikin bokiti ba.” Na kawo masa duk abin da na karanta. Na ce kai da kanka ka rubuta kada a tsallake zagaye. Ya ce wannan ka rubuta shi ne kafin ka duba.

Ka ga inda ka ajiye ni. Duk hujjar da na ɗauko, da takardarka yake kashe ta.

Na kira wayarka sau huɗu, duk da abin da na ce game da waya. Wata mata tana ce mini in bar saƙo. Ba na barin saƙo wa matar da ban sani ba. Ka rubuto. Ka faɗa masa ƙasa nawa, sosai nawa. In wata ne ka ce wata, in mako ne ka ce mako, in kuma akwai abin da maganin zai ƙara masa ka faɗa da lamba, don yanzu bakinka kaɗai yake ji.

Gwaggonka


Laraba

Dogo,

Gaisuwa. Kwana goma sha shida ke nan da ranar da ya ƙi zuwa, kuma ko layi ɗaya ban gani daga gare ka ba. Ina so in ɗauka takardata ba ta same ka ba ne, don ɗayan dalilin ba zan iya ɗaukarsa a kan jinin gidanmu ba.

Tarin ya dawo. Ya daina hawa bene, ba tare da ya ce komai ba, ya sa na sauko masa da katifa. Da safe fuskarsa takan ɗan kumbura, sai rana ta ɗaga take saɓewa. Na san abin da littafi ya ce game da wannan, da ma ban karanta ba.

Amai ya tsaya, don haka yana ci, yana fira, yana karɓar baƙi. Kowa yana cewa ya murmure. Shi kuwa rabo yake yi. Akwatin haruffan dalma da ya ajiye tun da aka rufe maɗaba'a, wanda ko ƙura ba ya bari in share masa, ya ba wani tsohon abokin aikinsa. Agogonsa ya ba ƙanensa. Ni ya ce in zaɓi abin da nake so. Na ce ina son ya sa takalmi mu tafi asibiti. Ya ce wannan ba ya cikin kayan.

Dangi sun ji. Wayata ba ta hutawa, kowa da muryar ta'aziyya tun mutum yana zaune yana shan shayi. Na kashe ta na jefa a durowa.

Jiya na je wurin likitar ni kaɗai. Wannan karon ba ta yi sauri ba, ta rufe ƙofa ta zauna. Ta tambaye ni wa ya gaya masa ya yi ƙasa, alhali hoton da suka ɗauka bayan zagaye na biyu ya nuna ƙullutun da ke huhunsa ya ragu da kusan rabi. Na ce wani masani ne a dangi. Ban faɗi sunanka ba, kada ka gode mini, ba don kai na yi ba. Ta ce in bai dawo ran Litinin ta sama da mai zuwa ba, ba ta da tabbacin jikinsa zai ƙara ɗaukar maganin. Na kawo masa maganar hoton. Ya ce hoto inuwa yake gani, kai kuwa jini ka gani.

Kwana goma sha biyu. Na lissafa maka don na san kana son lamba.

Gwaggonka


Laraba, da ɗan aike na gaggawa

Gwaggo,

Yau na dawo, na tarar da takardunki biyu a akwatina na ofis. Wayata ta faɗa ruwa tun makon farko, wadda na ara kuma babu lambarki a ciki. Na kira ki yanzu sau bakwai, a kashe. Ban tsaya gaisuwa ba, ki yafe mini.

Gwaggo, ban ce Kawu ya yi ƙasa ba. Ban taɓa nufin haka ba. Cewa na yi NA Kawu ya yi ƙasa. Nasa. Awonsa. Ɗan zaren nan da na ce miki in ya yi yawa a jini ba ma jin daɗi, shi ne na ga ya yi ƙasa sosai a kwalbarsa. Murna ce ta sa na ƙara layukan nan. Na ce ki riƙe a ranki ne don na karya ƙa'ida, kuma ba na son ki ɗora buri a kan abin da bai tabbata ba.

Sai dai ba zan rantse miki cewa hannuna ya rubuta “na” ɗin ba. A gurguje na yi, a tsaye, mota tana jira. Tun ɗazu nake rufe ido ina neman shafin, ba na ganinsa. In na tsallake shi, to ni na hana shi magani mako huɗu, kuma ban san da wace fuska zan zo gidanku ba. Takardar tana wurinki. Ki ɗauko ta ki duba.

Ko yana nan ko ba ya nan, laifi na farko nawa ne, don bai kamata in duba ba, balle in faɗa. Gobe zan gaya wa shugabar bincikenmu da bakina, ta yi abin da ta ga ya dace.

Kin ce in ba shi lamba. Ba ni da ita, kuma ba zan ƙirƙira ba, ko don ya tashi. Kada ki ce masa na ce ya warke. A cikin mutanenmu akwai masu awo irin nasa da suka daɗe, akwai waɗanda ba su daɗe ba. Abin da zan iya sa hannu a kai shi ne wannan: babu abin da na gani a jininsa da ya ce ya ƙare, hoton likita ya fi awona nauyi nesa ba kusa ba, kuma kumburin fuskar nan ba abin jira ba ne. Ki kai shi ran Litinin, ko kafin nan in numfashi ya tsananta.

Ki kunna wayar, don Allah.

Dogo


Talata

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririya. Hoton ya iso a cikin ambulan ɗinka, goshin gidanmu ne da ita, Allah Ya ba ta haƙurin ɗaukarsa.

Ɗan aiken ya zo ran Juma'a da hantsi. Na karanta takardarka a bakin ƙofa, a zuci, karo na farko a rayuwar aurena. Sa'an nan na shiga na sauko da ƙamus.

Yana nan.

A ƙarshen layi na uku, bayan “Na ga”, ƙanƙane, ya ɗan karkata don gefen takarda ya matse shi. Haruffa biyu. Ido ya ga “na” a farko, ya ga wani “na” a ƙarshe, ya ɗauka ɗaya ne, ya yi tsalle zuwa sabon layi inda babban baƙi yake jiransa. Wannan shi ne kuskure na farko da ake koya wa sabon mai gyara a makonsa na farko. Ni da kaina na koya wa mutum tara. Nakan ce musu ƙarshen layi rami ne, ku sa yatsa. Ban sa yatsa ba. Kuma mako huɗu takardar tana cikin ɗakina, taku biyar daga gadona, ban koma na duba ba, saboda ni ce, kuma ni ba na kuskure.

Na zage ka a shafi huɗu. Ba zan janye duka ba, don rubutun gefe ba wurin irin wannan magana ba ne, kuma kai ma ka faɗa. Amma babban kason nawa ne. Ka yafe mini. Ban saba rubuta wannan jimla ba, in ta fito a karkace ka karɓe ta haka.

Na same shi a kan katifa yana jin rediyo. Na kashe, na zauna, na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, “Ke da ɗanki kun yi ƙoƙari. Wa ya ƙara ‘na’ ɗin, ke ko shi?”

Na ce, “Malam, ni ce zan yi maka ƙarya a kan rubutu?”

Ya ce, “A kan rubutu, a'a. A kaina, ƙwarai.”

Gaskiya ya faɗa. Sai na miƙa masa takardar na ce, “Kai ne mai inji. Duba da kanka.”

Ya sa na ɗauko masa ɗan gilashinsa na duba ɗab'i, wanda shi kaɗai ne bai rabar ba, don ya faɗa bayan durowa. Ya ja jiki zuwa taga. Ya daɗe, Dogo. Ya duba tawadar, ya kwatanta da ta sauran layin. Ya juya bayan takardar ya shafa da yatsa ya ji nauyin hannu. Ya bi karyar ninki, ya ga ta bi ta kan wutsiyar harafin, tawadar ta ɗan kankare a wurin, wato rubutun ya riga ninkin. Ina tsaye ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto.

Ya ɗago ya ce, “Biro ɗaya ne. Hannu ɗaya ne.”

Na ce, “Na gaya maka.”

Ya ce, “Ina kwafin wasiƙar da kika aika masa?” Ya san ba na aika takarda ban ajiye kwafi ba. Na kawo. Ya ce, “Da biron.”

Shekara ashirin da shida ina mayar masa da shafi ja-wur, bai taɓa kama ni da ko ɗigo ba. Ya nemo layin da na kwafo maganarka, ya sa 'yar alamar cusawa tsakanin “ga” da “Kawu”, ya ja layi zuwa gefe, ya rubuta “na”, ya zagaye. Alamar ta fita daidai. Sai dariya ta kama shi, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har na riƙe masa kai.

Da ya lafa ya ce, “To me yake nufi? Na warke?”

Ka ce kada in ce haka, kuma da ma ba zan ce ba. Na ce, “A'a. Yana nufin babu wanda ya ce ka ƙare sai ni, ni kuma ban iya karatu ba.”

Ya juya biron a hannunsa. Ya ce, “Wato har yanzu ba a sani ba.”

Na ce, “Ba a sani ba.”

Ya ce, “Da sanin ya fi sauƙi, kin sani? Na riga na shirya.” Can ya ce, “Ki aika a gaya wa wancan tsohon kada ya saba da akwatina.”

Jiya muka je. Ba zan yi maka ado ba. Sabon hoto ya nuna ƙullutun ya maido kusan duk abin da ya rasa, kuma yana danne wata jijiya, shi ne kumburin. Ya rage kilo huɗu. Likitar ta daɗe tana kallon sakamakon jininsa kafin ta ce za a iya, da ƙyar, kuma za su ƙara da gasa ƙullutun da hasken inji a ƙirji. Na tambaye ta ko mako huɗun nan za su dawo. Ta ce a'a. Na gode mata da ba ta ce ya danganta ba. Wannan kayana ne, ni zan ɗauka, kada ka rubuto kana taya ni.

An sa masa ruwan da ƙarfe goma sha ɗaya. Yau da safe ya yi amai sau biyu, ya ce bokitin ya yi kewarsa.

Abu biyu nake so. Ka gaya mini yadda kuka yi da shugabarku, in kuma takarda daga gare ni za ta yi amfani, zan rubuta cewa ni na matsa maka. Na biyu, za su ƙara ɗibar jininsa bayan zagaye na huɗu, ya ce a bar su, ko zai amfani wani. In kwalbar ta iso, ka bar ta da lambarta. Ko na roƙe ka, ko na zage ka, kada ka duba.

Na karanta wannan wasiƙa sau uku da yatsa. Sa'an nan na ba shi ya duba, ya ce zai ƙara layi.

Gwaggonka

Dogo, na kama ta. Sau ɗaya bai ishe ni ba, ina neman na biyu, don haka ina nan tukuna

Ka ga bai sa aya ba. Na gani. Na bar shi.